Caji Ɗaya Zuwa Shinkafi

Shekarar da man fetur ya yi tashin gwauron zabo na sayi motar lantarki, kuma har yau in na tuna sai in ji kamar wani ne ya tafka wannan wauta ba ni ba. Kantin magani gare ni a Kaura Namoda. Mahaifiyata kuwa tana Shinkafi a gidan ƙanena, ta ƙi dawowa wurina ƙememe, wai ruwan Kaura ba ya kashe mata ƙishirwa. Saboda haka duk ranar Alhamis nakan je in duba ta, in kai mata maganin hawan jini, in wata ya zagayo kuma in ɗauko ta ta ga likita. Tsohuwar motata ta zame mini ƙarfen ƙafa, abin da na samu a kanti cikin mako ita ke shanye shi a wannan tafiya ɗaya.

A kan rufin kantin ina da faifan sola da yawa, saboda firjin da nake ajiye allurai. Kullum in na ɗaga kai na ga rana tana dukansu a banza sai in ji haushi. Da na ji an ce akwai motar da rana kaɗai take ci, sai na ce abin nema ya samu.

Dillalin da ya kawo ta ba baƙo ba ne. Sahu ɗaya muke sallar Juma'a, matarsa kuma a kantina take sayen maganin yara. Yana jera motocinsa na Kwatano a ƙarƙashin itatuwan dogon yaro kusa da tasha, a nan na same ta, fara, 'yar madaidaiciya, an goge ta har tana ɗaukar ido. Ya buɗe mini ƙofa da kansa.

"Alhaji, wagga mota ba ta shan mai, ba ta shan baƙin mai," in ji shi. "Caji guda, ka tahi Shinkahi ka gaida Inna, ka komo, ka leƙa Zurmi in kana so, ka iso gida da saura. Wata tsohuwar Baturiya ad da ita, kasuwa kawai taka zuwa da ita. Batir ɗin kamar yau anka sa shi."

Ya danna wani maɓalli, allon gaban sitiyari ya kawo haske, ya nuna mini lambar tafiyar da ta rage mata. Lambar ta yi daidai da maganarsa har da ɗoriya.

Na yi abin da duk mai hankali yake yi a garinmu in zai sayi mota, na ɗauko bakanikena. Abokina ne tun firamare, kuma ban taɓa sayen ko keke ba sai ya sa baki. Yana da tsarinsa da ba ya canzawa. Zai kara kunne a jikin inji ya rufe ido, zai tara farin hankici a bakin salansa ya ga launin hayaƙi, zai zaro sandar baƙin mai ya murza a yatsa ya sunsuna, sannan ya bi jikin mota da ƙwanƙwasa yana neman inda aka yi ciko. Da wannan ya cece ni daga ruɓaɓɓun motoci sun fi uku.

Ran nan ya zaro hankicinsa ya zagaya baya, ya durƙusa, ya leƙa, ya miƙe, ya sake zagayawa. Babu salansa. Ya buɗe gaba ya tsaya yana kallon wasu wayoyi masu ruwan lemo, babu sandar mai, babu abin murzawa. Ya dai kara kunnen ya rufe ido.

"A tashe ta mana," ya ce.

"Tun ɗazu a tashe take," in ji dillali yana dariya.

Abokina ya ƙwanƙwasa jikinta gaba da baya, ya danna ta ya ga yadda take lotsawa, ya duba tayu. Muka shiga muka je har tashar jirgin ƙasa muka dawo. Da muka fito ya goge hannunsa da hankicin da bai yi aikin komai ba, ya ce, "Shekara talatin ina sauraren mota, ban taɓa jin mai lahiya irin wagga ba. Ko tari ba ta yi." Ni kuma na ji daɗi kamar ni na ƙera ta. Mun duba komai ban da abu ɗaya da ya kamata mu duba, wato batirin da ke shimfiɗe a ƙarƙashin ƙafafunmu, don babu wanda ya san ta inda ake tambayar lafiyarsa. Aka yi ciniki, aka sha albarka, daga ƙarshe dillali ya ce ya sallama, muka tafa a gaban mutum biyu. Na sayar da tsohuwar motata na cika.

Kwana goma na yi ina yawo da ita cikin gari, daga gida zuwa kanti, daga kanti zuwa masallaci, kai ya kumbura. Awaki ba sa jin zuwanta, sai na yi ta yi musu ham. Masu sayar da mai a galan suna bina da harara, ni kuwa ina ɗaga musu hannu da gangan.

Ranar Alhamis ta biyu na cika ta fal na kama hanyar Shinkafi. Damina ce, dawa ta yi tsawo ta fi mutum, inda ba a noma ba kuma ciyawa ta rufe ko'ina. Duk wanda ya san wannan hanya ya san dokokinta, ko da ba a rubuce suke ba. Ba a fita da sassafe, ba a bari la'asar ta sakaliya a kanta, ba a tafiya mota ɗaya in ana iya jiran wasu, kuma duk abin da ka gani a gefen titi ba ka tsayawa. Na isa lafiya, allo yana nuna saura fiye da rabi. Na yi lissafi na ga har da rara.

Bayan azahar na ɗauko Inna, don washegari ranar ganin likitanta ce. Ta zauna a gaba, ta shafa kujera, ta ce motar kamar ba ta da rai. Muka bi sahun motocin 'yan kasuwa guda shida ko bakwai da suka taso tare, ni ne na uku.

Mun yi nisa, mun wuce inda ake ganin gidaje, sai idona ya kai kan allo. Lambar da na bari a sama da rabi ta faɗo. Ba a hankali take sauka ba, tsalle take yi, kamar wanda ya zame a kan tsani. Na kashe esi mai sanyaya motar. Na kashe rediyo. Ta sake faɗowa. Sai wani ƙaramin hoto ya fito a gefe, ruwan ɗorawa, na ƙura masa ido don na ɗauka gizo yake yi mini. Kunkuru ne, da ƙoƙon bayansa da ƙafafunsa huɗu.

"Mi wanga kunkuru ka yi nan?" Inna ta tambaya.

A lokacin na taka totur har ƙasa amma motar ta ƙi ja. Motar da ke bayana ta yi ham ta wuce, ta biye da ita ma ta wuce. Ina kallo ayarin nan ya yi ƙanƙane ya sha kwana. Muka ɗan ƙara gaba kamar tafiyar jaki, sannan ta tsaya, ba gargada, ba ƙara, ba komai. Na fito na tsaya a kan kwalta, ban ji motsin komai ba sai iska a cikin dawa. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na wannan rana ba.

Motoci uku suka wuce, ina ɗaga hannu biyu, ba wanda ya ko rage gudu. Ban ga laifinsu ba. Ni ma na sha wuce mutane a wannan hanya ina cewa Allah ya kawo musu ɗauki, don ba ka sanin wanda ya lalace da gaske da wanda aka ajiye a matsayin tarko.

Wanda ya tsaya ɗan acaɓa ne, magidanci, da jarkoki biyu ɗaure a bayansa. Ko kashe babur bai yi ba.

"Mai ya ƙare? Buɗe tanki maza in zuba maka, ka biya wata rana."

"Ba ta shan mai," na ce.

"To shiga in tura ka."

"Ba ta tashi da turi."

Ya dube ni, ya dubi motar. "To mi taka ci?"

"Wuta."

Ya waiga dama da hagu, dawa ce da ciyawa iya ganinka. Ya ce, "Alhaji, nan wurin ko ashana babu." Ya ce in ba shi tsohuwa ya kai ta gari. Inna ta ce gwiwoyinta ba sa hawa babur, kuma ko suna hawa ba za ta bar ni ba. Muna cikin wannan ja-in-ja sai muka ji ƙarar babura daga cikin daji ta gabas, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Fuskar mutumin nan ta canza. Ya ce, "Ku yahe mani, ina da ɗiya," ya ja babur ɗinsa.

Na koma cikin mota na rufe ƙofa, kamar gilashi zai hana wani abu. Inna ta miƙa hannu ta taga ta shafo ƙurar jikin motar ta yi taimama, ta ta da sallar la'asar a zaune. Ni ko Fatiha na kasa haɗawa. Abin da kawai ke yawo a kaina shi ne, tsohuwa mai hawan jini, wadda ba ta iya tafiya daga ɗaki zuwa zaure sai ta huta, in aka ce mu shiga daji da ƙafa yaya za ta yi. Ƙarar ta matso, ta yi kamar za ta ɓullo kan titi, sannan ta karkata ta yi arewa har ta ɓace. Har gobe ban san ko su wane ne ba.

Wata babbar mota ce ta cece mu, ta ɗauko buhunan wake daga kasuwar Shinkafi. Direban ya gane ni, ya ce na taɓa ba shi maganin miki ranar da ba shi da ko sisi, ni kuwa ban ma tuna ba. Ya ɗaura mana igiya yana waige-waige, ya ja mu har Kaura. Muka shiga gari ana kiran magariba, motar da ba ta shan mai tana bin bayan wadda ke tula mata baƙin hayaƙi, 'yan galan ɗin da nake ɗaga wa hannu suna kallo.

Da muka isa gida aka shimfiɗa wa Inna tabarma ta sha ruwa. Sannan ta ce, "Wanda yas sai maka ita, ya san kana ɗaukata ciki?"

"Ya sani, Inna. Har sunanki ya kira."

Ta jinjina kai. Ni ma sai a lokacin abin ya dake ni sosai.

Washegari na kira mutumin da ya haɗa mini sola, don shi ne ya san batir a garin nan. Ya zo da wani ɗan ƙaramin abu kamar akwatin ashana, ya soke shi a ƙarƙashin sitiyari, ya riƙa duba wayarsa yana tsaki. Ya ce batirin ya tsufa tukuf, ɗakunansa da yawa sun mutu, kamar tsohuwar waya ce da za ta nuna maka a cike ka ɗaga kira ɗaya ta ɗauke. Ya ce an taɓa ƙwaƙwalwar motar an goge abin da ta sani, don ta riƙa nuna lambar da take nunawa tana sabuwa, kuma ba a daɗe da yin hakan ba. Ya sa ni na tsuguna na dubi ƙofa ta gefen rana, sai ga inuwar rubutu da lamba a ƙarƙashin fenti, irin na motocin haya. Ya danna kujerar direba da hannu, ta lotsa har ƙarfe.

"Tsohuwar Baturiyar ga," in ji shi, "ta yi ƙiba ƙwarai, kuma ba ta kwana gida."

Ban yi dariya ba. Na sa aka jawo motar har ƙarƙashin dogon yaro. Dillali ya tarbe ni da fara'a, ya sa a kawo kujera da ruwan sanyi, ya ce ya ji abin da ya faru, Allah ya kiyaye gaba. Na faɗa masa abin da mai sola ya gano. Ko gezau bai yi ba.

"Alhaji, ka kunna esi ko? To ka gani. Ga ramukka, ga zahin rana. Kuma wa yas san irin wutar da kaka ba ta? Sola ba ta kai wutar gwamnati ƙarhi ba. Ni lahiya lau nib ba ka ita. Kai kaz zo da bakanikenka, ya duba, ya ce ko tari ba ta yi. Gaban mutane yaf faɗi."

Na yi mamakin yadda yake magana a natse, yana gyara hularsa. Ni mutum ne mai saurin fushi, matata ta sha faɗa mini, amma rabon da in kama rigar wani tun ina saurayi. Ran nan na cakumi wuyan rigarsa da hannu biyu ina cewa uwata ka so ka kashe, sai da mutane suka ɓamɓare ni. Aka ce a kai magana gaban shugaban dillalai.

Shugaban dattijo ne, ya yi dillancin shanu a karar Shinkafi shekaru da yawa kafin ya koma na mota. Aka zauna a rumfarsa bayan kwana biyu, dillalai sun kai goma, ga ni, ga abokina bakanike ya sunkuyar da kai, ga mai sola da wayarsa. Kowa ya faɗi nasa. Mai sola ya miƙa wayar, dattijon ya karɓa ya juya ta sama da ƙasa ya mayar masa.

"Waya ba ta shaida nan," ya ce. "Mu abin da munka gada shi na, aibi iri biyu na. Saniya in tana ɗingishi, kag gani kas saya, taka ta. In ko ciwo na ɓoye wanda sai ta yi tahiya shika hitowa, ta mai ita ta, ko an tahwa hannu. To shi ya ce mota lahiya lau take, kai ka ce ba ta kai inda anka ce tana kai. Mu ba mu ga batir ba, ba mu san shi ba. Da mi za mu raba ku?"

Na ga dillalin ya fara murmushi. Ban shirya abin da na faɗa ba, daga bakina kawai ya fito.

"Baba, abu mai sauƙi na. Shi ya cika ta da wutar da shika so, ta gwamnati ko ta wa. Gobe bayan azahar mu shiga ni da shi, shi ya tuƙa, ba esi. Mu tahi Shinkahi mu komo. In ta kawo mu, na yahe, in ba shi haƙuri gaban kowa. In yana so ya ɗauko babban ɗanshi mu tahi tare."

Dattijo ya juya ya dubi dillali. "Ka ji. Ka shiga?"

"Ni?" in ji shi, har da ja da baya a kan benci. "Hanyar Shinkahi? Cikin wagga mota?"

Wani ya fashe da dariya, wasu biyu suka taya shi, sai kuma dariyar ta mutu gaba ɗaya don kowa ya ji abin da ya ji. Dillalin ya fara cewa ba haka yake nufi ba, hanyar ce dai ba kyau. Dattijo ya ɗaga masa hannu ya ce ya isa, ya riga ya ba da shaida.

Hukuncin da aka yanke shi ne dillali ya karɓi motarsa. Zai ba ni rabin kuɗina a ranar, sauran kuma sai ya sayar da ita, don ya rantse ba shi da su a hannu. Sai dattijon ya ƙara da sharaɗi. Ya ce dillali da sunansa yake cin abinci, kuma in aka ɓata ɗaya an ɓata rumfa duka, saboda haka abin da aka yi a nan, a nan zai tsaya, kada in bi gari ina kashe masa kasuwa. Ya kama hannuna ya haɗa da na dillalin, ya ce na yi alkawari? Na ce na yi. Aka shafa Fatiha.

Na tashi ina jin kaina kamar wanda ya ci yaƙi. Kalmar nan ta "sai ya sayar da ita" na ji ta sarai, kuma ni ba yaro ba ne, na san mota ba ta sayar da kanta ga iska, wani ɗan Adam ne zai saya. Amma na ajiye wannan tunani a gefe, kamar yadda nake tura kwalin maganin da ya kusa lalacewa bayan kanta don kada in riƙa ganinsa.

Bayan mako biyar dillali ya aiko mini cewa an sayar, in zo da yamma in karɓi cikon kuɗina. Ina cikin murna, wajen hantsi, sai ga motar ta tsaya a ƙofar kantina ba tare da na ji zuwanta ba. Wani matashi ya fito, ba zai wuce shekara talatin da 'yan kai ba, ya gaishe ni da ladabi. Ya ce malamin makaranta ne a Zurmi amma a nan Kaura yake zaune, jiya ya saye ta, kuma an ce masa ni kaɗai ke da wurin ba ta wuta a Kaura. Ya roƙi in bari ya ɗan ƙara mata, don zai wuce Zurmi ya zarce Gurbin Bore wurin suna, ya juyo a yau. Na jona masa. Ya zauna a bencin kanti muna hira, yana ba ni labarin yadda ya sayar da babur ɗinsa da filin da ya gada ya haɗa. Yaro mai fara'a, sai duba motar yake yi yana murmushi.

Da ya tashi tafiya, yana naɗe wayar cajin, ya ce, "Baba, an ce kai ka hwara sayenta. Mi yas sa ka maida ta?"

"Buƙata ta ta taso," na ce.

Haka kawai. Ban yi inda-inda ba, ban sha ruwa ba, muryata ba ta yi rawa ba. Ya ce Allah ya rufa asiri, na ce amin. Har na ƙara da Allah ya sa ka mora.

Ya tsallaka titi da motar ya tsaya a ƙofar wani gida, ina kallo daga bakin kanti. Wata mace ta fito da jariri a kafaɗa, da 'yan mata biyu ƙanana sanye da atamfa iri ɗaya, an yi musu lalle. Suka shiga baya suna rige-rigen zama kusa da taga. Motar ta ja shiru ta yi hanyar Zurmi.

Na tsaya riƙe da ƙyauren kanti. Ban san minti nawa na yi ba. Duk abin da dillalin nan ya yi mini bai girgiza ni kamar yadda na girgiza da kaina a wannan lokaci ba. Mutumin da na shaƙe a gaban jama'a ya ɗauki kwanaki yana shirya tasa ƙaryar, ni tawa ko numfashi ban ja ba na yi ta.

Na bar kantin a buɗe na tare ɗan acaɓa, na ce ya bi farar motar nan ko nawa ne. Muka keta kasuwa, hulata ta faɗi ban waiwaya ba. Ba don shingen jami'an tsaro da ke bakin gari ba da ba mu same su ba, don motar tana da gudu in tana so. Suna cikin layi, saura mota biyu a gabansu, na sauka na buga masa gilashi.

Na faɗa masa komai a tsaye a gefen titi, ina haki. Kunkuru, da dawa, da ƙarar babura, da abin da mai sola ya gani, da rumfar dillalai, har da alkawarin da na yi da kuɗin da zan karɓa da yamma. Na ce lambar da yake gani a gabansa ƙarya ce, za ta kai shi Zurmi, wataƙila ta kai shi Gurbin Bore, amma ba za ta dawo da shi ba. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana kallon allon. Na baya suka fara ham. Ya fitar da motar daga layi a hankali ya tsaya a ƙarƙashin wata bishiya, ya kifa kansa.

Matar ce ta sauke gilashin baya. Ta gyara mayafinta, ta gaishe ni, ta yi godiya yadda ya kamata. Sannan ta ce, a hankali, ba da faɗa ba, "Baba, ɗazu ya ce mani ya tambaye ka, kac ce buƙata ta. Mu kag gani kab biyo ko? Da shi kaɗai na cikin motar, da ka biyo shi?"

Na buɗe baki in ce ƙwarai kuwa. Tana kallona, mijinta ma ya ɗago kai yana jira. Na rufe bakina, na tsaya a nan cikin rana ba hula.